Wa ya naɗe laimar? Tarihin sojan laima ga iyaye da malaman Adar

Duk lokacin da aka yi shelar ɗaukar sababbin sojoji, samarin Madawa da Buza da Keita sukan shiga kai-kawo da takardun haihuwa da hotuna, wasu har su kwana a tasha don kada motar Tawa ta bar su. In ka tsayar da yaro ka tambaye shi ɓangaren da yake so, sau da yawa zai ce maka "para", wato sojan laima, masu dira daga jirgin sama. Iyaye kuwa in suka ji haka sukan rabu gida biyu. Akwai masu ganin abin sai da asiri, su sayar da akuya a ɗinka wa yaro laya da guru. Akwai masu ganin jefa kai ne cikin halaka, su yi ta kuka suna aika dangi a je a ba shi baki. Na yi wannan aiki a ƙuruciyata, kuma tun da na ajiye kaki nake bin tarihinsa. Abin da ke sauke mutum lafiya daga sama makaranta ce, mai darussa da jarrabawa da malamai, wadda aka yi fiye da shekara 200 ana gina ta, kuma kusan kowace doka da ke cikinta akwai wanda ya biya kuɗinta da ƙashinsa ko da ransa.

A zamanin kakanninmu ba a rububin shiga soja. Dokar Faransa ta 1919 ta mai da ɗaukar soja tilas a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta, ana yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo. Mutanen kudancin Madawa, da yake iyaka na kusa, in sun ji ƙishin-ƙishin zuwan masu ɗauka sai su tura ƴaƴansu ƙasar Ingilishi wajen dangi har ƙura ta lafa. Yau abin ya juya. Rashin aikin yi na tura yara, rashin tsaro kuma na kiran su. Babu wanda ya manta da 21 ga Maris 2021, ranar da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, cikin wannan jaha tamu, ga kuma ƴan bindigar da suka addabi ƙauyukan bakin iyaka a wajen Bangi. Yaron da ya ce zai shiga soja a irin wannan lokaci ba wasa yake ba, don haka ya kamata a yi masa magana da sani.

Laima ta girmi jirgin sama. Ranar 22 ga Oktoba 1797 wani Bafaranshe, André-Jacques Garnerin, ya hau babban balan-balan a birnin Paris, da ya yi nisa sai ya yanke igiyar da ta haɗa shi da balan-balan ɗin, ya sauko ƙarƙashin wata rumfar ƙyalle. Ya tsira, amma laimar ta yi ta lilo da shi dama da hagu ƙwarai, saboda iskar da ta taru a cikinta ba ta da hanyar fita sai ta gefe. Daga nan aka gano a huda ƙaramin rami a tsakiyar kan laima don iska ta riƙa fita a hankali. Har yau in ka ɗaga kai ƙarƙashin zagayayyiyar laimar soja za ka ga wannan rami, kuma sabon ɗalibi da yawa gabansa ya faɗi da ya gan shi, yana zaton yagewa ce. Matar Garnerin, Jeanne Geneviève Labrosse, ta dira a 1799, ita ce mace ta farko da ta yi. Laimar da ake goyawa a baya kuwa wani mutumin Rasha ne, Gleb Kotelnikov, ɗan wasan kwaikwayo, ya ƙirƙiro ta a 1911, bayan ya ga wani matuƙin jirgi ya faɗo ya mutu a gaban idon jama'a.

Mai da ita kayan yaƙi aikin Tarayyar Sobiyet ne. Ranar 2 ga Agusta 1930 sojoji 12 suka dira kusa da garin Voronezh, kuma a atisayen Kiyef na 1935 sun zubo sama da mutum 1,000 a gaban baƙin hafsoshi daga ƙasashen Turai. A wancan lokaci akwai jiragen da sai soja ya fita ya hau bisa fiffike, ya riƙe da hannu, sannan ya sulale. Jamus ta ɗauki darasin da sauri, sai dai laimarta tana da aibi: a wuri guda take ɗaure a bayan soja, ba ya iya kama igiyoyin ya juya ta, kuma bisa hannu da gwiwa yake sauka. Saboda haka manyan bindigoginsu a akwatuna dabam ake jefo su. A tsibirin Kirit na ƙasar Girka, daga 20 ga Mayu 1941, da yawa daga cikinsu an harbe su suna neman akwatunan makamansu. Jamus ta ci tsibirin, amma asarar ta yi yawan da Hitler bai sake yarda da babbar dira irin wannan ba. Sauran ƙasashe suka koyi cewa soja ya sauka da bindigarsa a jikinsa.

Akwai wani labari daga Amurka da nake so malaman makaranta su riƙe. A 1940 aka fara horar da sojan laima a sansanin Fort Benning na jahar Jojiya. A lokacin rundunar Amurka ta ware baƙaƙe daga farare, kuma baƙar fata ba ya shiga wannan makaranta sai a matsayin mai gadi ko mai dafa abinci. Wani sarjan baƙar fata, Walter Morris, wanda mutanensa ke gadin filin horon, ya ga zuciyarsu ta mutu. Sai ya riƙa jiran fararen ɗalibai su tashi da yamma, ya tara nasa, su yi duk motsa jikin da suka ga ana yi, su yi ta dira daga gunkin jirgin katako, babu wanda ya umarce su. Daga ƙarshen 1943 aka kafa rundunar baƙaƙe zalla mai lamba 555, Morris na cikin na farko. Ba a tura su fagen yaƙi ba. A 1945 an kai su yammacin Amurka suna dira cikin dazuzzuka masu dogayen itatuwa don kashe gobara, suka yi dira sama da 1,000, mutum ɗaya suka rasa, Malvin Brown, wanda ya faɗo daga itacen da laimarsa ta maƙale ranar 6 ga Agusta 1945. Mutanen da aka ce ba za su iya ba, da kallo da maimaitawa suka fara.

Namu tsarin ta hannun Faransa ya biyo. Kyaftin Frédéric Geille ya je Tarayyar Sobiyet a 1935 ya koyo, ya dawo ya buɗe makaranta kusa da Avignon, kuma a 1937 aka kafa rundunoni biyu na farko, ɗaya a Reims, ɗaya a Baraki ta Aljeriya. A 1946 aka tsayar da takardar shaidar sojan laima, mai tafiya da lambar nan ta fuka-fuki da ake maƙalawa a ƙirji, kuma babbar makarantarsu tana garin Pau. Sharaɗin samun ta dira shida. Amurkawa biyar suke yi cikin mako uku: mako ɗaya a ƙasa, mako ɗaya a hasumiya, mako ɗaya a jirgi. Da Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ta kafa rundunarta ranar 1 ga Agusta 1961 da mutanen da suka yi wa Faransa aiki, irin su Seyni Kountché da ya yi Indocin da Aljeriya, ta gaji kalmomin umarni da salon horo duka. Kamfanin sojan laima na Yamai ya zama wurin da kowane matashin soja ke sha'awa. A maƙwabciyarmu Najeriya kuwa, Jaji kusa da Kaduna da Makurɗi su ne sunayen da masu wannan aiki suka sani.

To, me ake koya? Abu na farko, kuma wanda ya fi cin lokaci, shi ne faɗuwa. Nan ne ɗan Adar ke shan wahala fiye da yadda yake zato. Mu mutanen kokowa ne, a Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, kuma tun yaro na rarrafe cikin rairayi abin da yake koyo shi ne kada ya yarda ya kai ƙasa: ya turje, ya buɗe ƙafa, in ta ɓaci ya tokare da hannu. A makarantar laima duk wannan haramun ne. Ka haɗe ƙafafu, ka haɗe gwiwoyi, ka ɗan lanƙwasa su, haɓa a ƙirji, gwiwar hannu a matse. Tafin ƙafa na taɓa ƙasa ka saki jiki ka kwanta ta gefe, nauyin ya bi ta sha-raɓa, ya bi cinya, ya bi ɗuwawu, ya ƙare a gefen baya. Wanda ya tokare da hannu ya karya wuyan hannu. Wanda ya buɗe ƙafa ya ɗora dukan nauyinsa bisa idon sawu ɗaya. Zagayayyiyar laima tana sauke mutum da gudun kusan mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa, kamar a ce ka diro daga katanga mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, sai dai katangar tana tafiya, domin iska na jan ka gaba ko baya ko gefe, ga kaya a jikinka. Mun yi ta faɗowa daga dakali zuwa cikin rairayi, gaba da baya, dama da hagu, har lissafi ya ɓace, har jiki ya daina neman izinin kai.

Sai darasin ƙofa, a gunkin jirgi: yadda za ka tsaya, yadda za ka miƙa igiya, yadda za ka fita da ƙarfi don kada iska ta maka ka a jikin jirgi. Sai a rataye ka cikin ɗamara kamar buhun albasa a sikeli, a riƙa jefo maka tambaya: igiyoyi sun murɗe, me za ka yi? Ka nufi itace fa? Ka nufi ruwa? Wani ya shigo ƙarƙashinka ya sace maka iska? Babbar laima ba ta buɗe ba? Kowace tambaya da amsarta guda, kuma da hannu ake ba da ita. Sai hasumiya. Amurkawa sun tsayar da tasu a ƙafa 34, wajen mita 10, kuma duk wanda ya hau irinta zai gaya maka ta fi jirgi ban tsoro, saboda daga nan kana ganin tsakuwar ƙasa ɗaya-ɗaya, kana ganin fuskar abokanka suna jiran su ga yadda za ka yi.

Ranar dirar farko, tun asuba aka ɗaure mu. Babbar laima a baya, ta ko-ta-kwana a ciki, hular kwano a ka, ɗamara ta matse matsematsi har mutum ba ya iya miƙewa sosai. A cikin jirgi ana zama layi-layi, gwiwa na gugar gwiwa, ƙarar inji ba ta bari ka ji na kusa da kai, ga warin mai, ga wanda cikinsa ya juya. Da aka buɗe ƙofa haske da iska suka shigo tare. Aka ce a tashi, aka ce a maƙala. Kowa ya sa ƙugiyar igiyarsa a wayar da ta ratsa tsawon jirgin. Wannan igiya ita ce ke buɗe laima: kana fita tana miƙewa, ta fizgo laimar daga jakarta, ita ta tsaya a jikin jirgi, kai ka wuce. Kowa ya duba bayan na gabansa, domin babu mai ganin bayan kansa. Jar fitila ta koma koriya, ƙararrawa ta ɗauka, layi ya fara tafiya. Daga nan ban ce na yanke wata shawara ba. Ƙafafuna sun yi abin da aka koya musu.

Jirgin na gudun sama da kilomita 200 a awa, saboda haka abin da ka fara ji shi ne iska ta kwashe ka kamar kara. Ana ƙirga 331, 332, 333 da Faransanci, da ƙarfi, don tsawon kalmomin ya cika daƙiƙa uku. Sai ka ji an fizge ka ta kafaɗu. Ka ɗaga kai ka duba: rumfa ta buɗe, zagaye cif, babu yagewa. In ba haka ba, hannu ya tafi ga laimar ciki nan take, domin daga mita 400 wanda laimarsa ba ta buɗe ba ƴan daƙiƙoƙi kaɗan gare shi. Bayan wannan sai shiru, irin wanda ban taɓa ji ba a ƙasa. Ana jin muryar aboki daga nesa yana kabbara, wani yana dariya kamar ya zautu. Gonaki sun koma kamar facin riga. Duka-duka abin bai fi minti ɗaya da ƴan kai ba, kuma rabinsa na ƙarshe aiki ne: ka duba kada ku yi karo, ka gane inda iska ta nufa, ka haɗe ƙafa, kada ka miƙa ta kana neman ƙasa. Ƙasa ita za ta same ka. Kana sauka ka tashi da gudu ka zagaya ka kashe laimar, in ba haka ba iska ta cika ta, ta ja ka bisa ƙaya da duwatsu.

Dira ta biyu ta fi ta farko tsoro, kuma yawancin waɗanda na tambaya haka suka ce. A ta farko ba ka san abin da ke jiran ka ba. Ta dare kuwa ba ka ganin ƙasa sai ka ji ta. A rukuninmu akwai wanda ya kai bakin ƙofa ya ƙanƙame ƙarfe ya ƙi fita. Aka janye shi gefe, layi ya wuce, ya sauko tare da jirgi, aka mai da shi rundunarsa ta da. Daga baya na ji ya yi suna wajen jarumtaka a fagen fama a ƙasa. Ina faɗin wannan ne saboda iyayen da ke cewa yaro ya jawo musu abin kunya in ya dawo babu lambar fuka-fuki. Tsoron tsawo wani abu ne a jikin mutum, ba ya auna zuciyarsa.

Amma mutumin da ya fi kowa muhimmanci a wannan aiki ba ya cikin hoton da ake ɗauka ranar biki. Shi ne mai naɗe laima. A wani dogon ɗaki, bisa dogon tebur, ake shimfiɗa ta, a duba ƙyallen fage-fage ko akwai ƙuna ko huji, a ware igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, a ninke bisa ƙa'ida, wani na sama da shi ya duba a matakai, sannan a rubuta suna da kwanan wata a ɗan littafin da ke tafiya da kowace laima. Wadda ta jiƙe sai an rataye ta ta bushe, wadda ta kwaso ƙwari ko tsakuwa sai an kakkaɓe. A rundunar Amurka mai naɗewa dole ya zama shi ma yana dira, kuma cikin horonsa sai ya dira da wadda ya naɗe da hannunsa. Mu mutanen Buza da Keita bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Mai ginar rijiya da ke sauka gaba ashirin cikin ƙasa ya san ransa na hannun wanda ya tufka igiya da wanda ke riƙe da ita a baki. Ba a ba rago ko mai wasa wannan igiya. Yaron da ya saba aikin ganin ido, wanda ke kwafar amsar wani a aji, wanda in an aike shi ban ruwa ya jiƙa saman ƙasa ya dawo, shi ne wanda ba na so ya naɗe laimar ɗan kowa. Wannan hali kuwa ba a bariki ake shuka shi ko a cire shi ba, daga gida da aji yake zuwa.

Wani zai ce, in dai igiya ce ke buɗe laima, me ya kawo dukan wannan wahala? Tambayar tana da tushe a tarihi. A yaƙin Diyen Biyen Fu na ƙasar Biyetnam a 1954, da aka yi wa sojojin Faransa ƙawanya har jirgi ya kasa sauka, an jefa ɗaruruwan masu sa kai waɗanda ba su taɓa dira ba ko sau ɗaya, da dare, kuma marubucin tarihi Bernard Fall ya kawo cewa raunin sauka a cikinsu bai wuce na ƙwararru ba. Dira ɗaya kusan kowane lafiyayye zai iya yin ta in Allah ya kiyaye. Makarantar tana nan ne don wanda zai yi ta sau talatin ko hamsin, da kaya, cikin iska, ya kuma tashi ya yi aikin da ya kawo shi. Laima mota ce kawai, kai mutum take yi. Kolwezi ta ƙasar Zayar ta nuna haka a Mayun 1978. Ranar 16 aka jefa wani kamfani na sababbin sojojin laimar Zayar a gefen garin, kusan bisa kan ƴan tawaye, aka karkashe su. Ranar 19 sojojin Faransa wajen 400 suka dira, da laimar aro ƙirar Amurka wadda ba ta dace da kayansu ba har sai da suka ɗaɗɗaure da igiya da waya, suka karɓe garin. Dukansu sun iya dira. Bambancin yana ga sanin inda abokin gaba yake, da yawan mutane, da shekarun horo bayan an taɓa ƙasa.

Ni duk dirar da na yi ta horo ce ko ta biki, ban taɓa sauka a kan abokin gaba ba, kuma haka yawancin sojan laima na duniya suke ƙare aikinsu. A yankinmu an ga dirar yaƙi a ƴan shekarun nan, sai dai baƙi ne suka yi ta. Daren 27 zuwa 28 ga Janairu 2013 sojojin Faransa wajen 250 da suka taso daga Abijan suka dira a arewacin Tumbutu. A Afrilu 2015 wasu suka dira kusa da mashigin Salbado, can ƙuryar arewacin Nijar wajen iyakar Libiya da Aljeriya, cikin wani farmaki da aka sa wa suna Kunama, sunan da Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa. Tawa kanta ta karɓi baƙuncin wani sashe na atisayen Flintlock da Amurka ke shiryawa, a 2014 da 2018. Yanzu waɗannan baƙi sun tafi, Faransawa a Disamba 2023, Amurkawa a 2024.

Akwai wani gefen tarihin da ba a faɗa wa yara. Biyayyar da ake dasawa don bakin ƙofa, wadda ke sa mutum ya fita ba tare da tambaya ba, ana iya juya ta wani wajen. Runduna ce ƙarama, zaɓaɓɓiya, mai son shugabanta, kuma galibi kusa da fadar mulki. Ibrahim Bare Mainasara ya jagoranci kamfanin laima na Yamai daga 1978 zuwa 1984, ya karɓi mulki ranar 27 ga Janairu 1996, aka harbe shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999. A Mali kwamandan sojan laima Amadou Toumani Touré ne ya kifar da Moussa Traoré a Maris 1991. A ƙasar da ake kira Burkina Faso yau, kwamandojin garin Po ne suka ɗora Thomas Sankara a 1983. Kowa da yadda yake auna waɗannan mutane, ba shari'arsu na zo yi ba. Abin da na sani shi ne ɗan shekara 20 da ke cikin motar da ta nufi gidan rediyo da tsakar dare sau da yawa bai san inda za a kai shi ba. In malamin tarihi bai gaya masa waɗannan ranaku ba tun yana aji, a bariki babu mai lokacin gaya masa.

Wani lokaci in na bi hanyar Buza zuwa Keita nakan dubi ƙasarmu da idon aikina na da, in yi dariya ni kaɗai. Fako mai baƙin dutse, kwazazzabai, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska, ga ramuka da jerin duwatsun da matan Keita suka ɗauka da ka tun da aikin farfaɗo da ƙasa ya fara a 1984. Duk abin da ya ceci gonakinmu abin karya ƙafar mai dira ne. Ga kuma iskar hunturu. A ƙa'idar Amurkawa, in iskar ƙasa ta wuce kimanin kilomita 24 a awa ba a dirar horo. Mun sha wuni a ɗaure cikin ɗamara a gefen fili, ana auna iska ana sake aunawa, la'asar ta yi a ce a kwance a koma bariki. Samari su yi ta gunaguni. Hafsan da ya iya cewa yau ba a tashi, alhali manya sun zo kallo, shi ne wanda iyaye ya kamata su yi wa addu'a.

Ban hana kowa addu'a ba, ni ma da ita na fita ƙofa kowane karo. Amma guru mai kauri a ƙugu, ƙarƙashin ɗamara, in laima ta fizga shi ne zai ƙuje maka fata ko ya danne haƙarƙari, kuma malaman horonmu sai da suka sa aka cire su. Abin da ya fi laya haɗari shi ne ɓoye ciwo. Na san gidajen da yaro ke da farfaɗiya, ko asma, ko tsohuwar karaya da ta haɗe a karkace, ko ido ɗaya ba ya gani sosai, a rufe, a nemi hanya a bayan fage don likita ya sa hannu, ana ganin an yi wa yaro gata. Wanda ya suma a sama ba zai ja laimar ciki ba. Wanda bai ga na ƙasa da shi ba zai shiga cikin igiyoyinsa, su faɗo su biyu, har da ɗan wani gidan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka rage shekaru ko ƙara su a takarda. Sannan karatu: umarni da Faransanci yake zuwa, lissafin iska da taswira da littafin laima duk rubutu ne. Yaron da aka cire daga aji huɗu aka tura ci-rani zai iya zama mai dira, amma da wuya ya zama mai naɗewa ko mai sakin mutane a ƙofa ko malamin horo, kuma waɗannan su ne ke daɗewa a aikin bayan gwiwa ta gaji.

Gwiwa kuwa tana gajiya. Idon sawu ne ya fi samun rauni, sai gwiwa da ƙashin baya, kuma haɗarin na ƙaruwa da dare, da kaya, da iska. In ɗanku ya samu shiga, ku riƙa tambayarsa littafin da ake rubuta dirarsa, ku ce ya adana shi kamar takardar gona, kuma duk targaɗen da ya samu, komai ƙanƙantarsa, ya je wurin likitan bariki a rubuta da kwanan wata. Wani abokina ɗan wajen Madawa ya sauka bisa gargada a dirarsa ta goma sha wani abu, ƙafar ta kumbura. Tsoron kada a cire shi daga rukuni ya sa ya ɗaure ta tamau cikin takalmi ya yi shiru, da ya samu hutu ya tafi gida wurin maɗori. Ƙashin ya haɗe yadda ya ga dama. Bayan shekaru, da ya je neman haƙƙin rauni, aka buɗe takardunsa aka tarar babu inda aka rubuta ya taɓa jin ciwo. Yana nan yana noman albasa a fadama, in sanyi ya shigo da sanda yake zuwa masallaci.